Dukiyar Waƙafi Tsakanin Sukuk da Hannun Jari

Jawabin Sakataren Gidauniya a taron shekara-shekara na masu bayar da gudummawa da kwamitocin masallatai, Matazu



Shugaban kwamitin amintattu, Allah Ya ƙara maka lafiya. Iyayenmu malamai da limamai, Allah Ya gafarta muku. Wakilan kwamitocin masallatai na Matazu da waɗanda suka taso daga Musawa da Malumfashi da Funtua. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu masu bayarwa, ina yi muku barka da zuwa.

Amintattu sun umarce ni da in yi bayani a kan tambayar da ta fi yawan zuwa ofis a bana. Waƙafin da muka gada daga iyaye gona ce, ko rijiya, ko gida, ko shago. Yanzu kuwa mutum yana kawo kuɗi tsaba ya ce ya yi hubusi da su, wani ma daga Legas ko Abuja yake turowa ta waya. To ina za a ajiye su? Wasu 'yan kwamiti sun ji ana cewa hannayen jari sun yi tashin gwauron zabi, suna mamakin yadda amintattu suka fi karkata ga takardun sukuk. Wasu kuma suna ganin sukuk ɗin ma bashi ne mai ruwa da aka sa wa rawani. Duka ɓangarorin biyu sun cancanci amsa. Kafin in fara, ku yi mini uzuri a kan kalma guda: a rubutun boko ribar ciniki da ribar da Allah Ya haramta haruffansu ɗaya ne, saboda haka ta biyun zan riƙa kiranta kuɗin ruwa, domin kada mai karanta rahoton nan ya rikice.

Bari mu fara fitar da zakka daga cikin maganar. Zakka hakkin mutane takwas ne da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma da zarar ta shigo hannunmu ta zama tasu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta yarda a juya kuɗin zakka, amma da sharaɗin an riga an biya buƙatar gaggawa ta mabuƙata. A yankin da mutane ke barin ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, inda harin masallacin Unguwar Mantau ta Malumfashi a watan Agustan 2025 ya ƙara mana marayu da matan da suka rasa mazajensu, wannan sharaɗi bai cika ba. Zakka a raba ta kawai. Duk abin da zan faɗa daga nan ya shafi waƙafi ne kaɗai.

Ka'idar waƙafi tana cikin labarin gonar da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya samu a Khaibar: a tsare asali, ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa, a yi sadaka da amfanin da yake bayarwa. Malamanmu na Malikiyya tun da wuri sun halatta a yi hubusi da dinari da dirhami domin a riƙa ranta wa mabuƙata suna mayarwa. A daular Usmaniyya waƙafin kuɗi ya bunƙasa har ya jawo muhawara mai zafi a ƙarni na 16, inda Shaihul Islam Abus Su'ud ya tsaya a kan halaccinsa. A zamaninmu kuma Majalisar Fiƙihu ta tabbatar da shi a zamanta na Maskat a 2004, tare da jan kunnen masu kula da shi su guji kasada mai yawa. Ke nan mai kula da waƙafi yana ɗauke da amana biyu a lokaci guda, kada asali ya salwanta, kada kuma amfani ya yanke. Da wannan ma'auni za mu auna kasuwannin biyu.

Wanda ya sayi hannun jari kamar wanda ya shiga tarayyar noma ne. Idan damina ta yi albarka rabonsa ya yi yawa, idan fari ko tsutsa ta sauka tare za a yi asara, kuma ba wanda ya yi masa alkawarin ranar da zai karɓi kuɗinsa. In yana son fita sai ya nemi mai saye a farashin wannan rana. Wanda ya sayi takardar lamuni kuwa kamar mai ba da hayar gona ne: an yanka masa abin da zai karɓa, an sa masa rana, kuma a ƙarshen wa'adi abinsa zai dawo masa. Ba ya samun rabo daga shekarar albarka, amma shekarar fari ma ba ruwansa, muddin mai haya bai karye ba.

Wannan bambanci shi ne ya sa a duniya baki ɗaya kuɗin da ke cikin takardun bashi ya fi wanda ke cikin hannayen jari yawa, duk da cewa labarin hannayen jari ne ya fi cika rediyo. Masu manyan kuɗi irin su asusun fansho da kamfanonin inshora suna da mutanen da za su biya a ranar da aka sani, don haka suke neman kuɗin da zai shigo a ranar da aka sani. Dubi namu na gida. A ƙarshen 2024 dukiyar fansho da hukumar PenCom ke sa wa ido ta haura naira tiriliyan 22, fiye da kashi 60 cikin ɗari na wannan dukiya yana cikin takardun Gwamnatin Tarayya, abin da ke cikin hannayen jarin kamfanonin gida kuwa wajen kashi goma ne. Waɗannan mutane ba jahilan kasuwa ba ne. Sun san tsohon malamin makaranta ba zai jira kasuwa ta farfaɗo kafin ya ci abinci ba. Halinmu ɗaya da nasu: kuɗin makarantar maraya yana da zango, alawus ɗin ladan yana da wata, maganin mai ciwon suga ba ya ɗaga ƙafa. Ƙwai a baka, in ji Bahaushe, ya fi kaza a akurki.

Akwai kuma darasin da da yawa daga cikin dattawan da ke zauren nan suka gani da idonsu. A farkon watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya haura maki 66,000. Shekara ɗaya bayan haka ya faɗo zuwa wajen 20,000, kuma bai sake taka matsayinsa na 2008 ba sai a watan Agustan 2023. Shekara goma sha biyar ke nan. Yaron da aka haifa a lokacin faɗuwar ya kusa gama sakandare. A watan Agustan 2011 kuma hukumomi suka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, wanda dattawa suka sani tun yana Habib. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, masu hannun jari kuwa suka tashi da takardu a hannu. Haka doka ta tsara ko'ina: idan kamfani ya rushe masu bin bashi ake fara sallama, mai hannun jari shi ne na ƙarshen layi. Kai, ko kamfanin bai rushe ba yana iya hana rabo. MTN ta Nijeriya, duk girmanta, ta yi asara a 2023 da 2024 saboda faɗuwar naira, kuma ba ta raba wa masu hannun jari komai ba na shekarar 2024. Da a ce abincin marayun wani masallaci a kan wannan rabo ya dogara, da me kwamitin zai gaya musu?

Sai dai takardar lamuni ta gargajiya ƙofarta a rufe take gare mu. Rance ne da aka sharɗanta ƙari a kansa, kuma Majalisar Fiƙihu ta yanke haramcinta a Jidda a 1990, ko gwamnati ce ta fitar da ita ko kamfani, ko da wane suna aka kira ƙarin. Ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara ba su bar wurin kewaye ba. Amma ku lura, a wannan wuri ne dai aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta zo, aya ta 282, kuma a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take magana. Musulunci bai ƙi mu'amalar jinkiri ba, tsara ta ya yi. A wannan fili ne sukuk ya samu gurbi.

Jihar Osun ce ta fara fitar da sukuk a Nijeriya a 2013, ta tara naira biliyan 11.4 ta gina makarantu. Gwamnatin Tarayya, ta hannun Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, ta fitar da nata na farko a watan Satumban 2017: naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, kuɗin haya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. An raba kuɗin daidai ga shiyyoyi shida domin ayyukan hanyoyi 25, cikinsu har da faɗaɗa hanyar Kano zuwa Katsina daga shataletalen Dawanau, hanyar da motocin hatsinmu ke bi. Daga nan aka ci gaba da fitarwa. Na watan Mayun 2025 naira biliyan 300 aka nema a kan haya kashi 19.75, amma masu son saye suka kawo fiye da tiriliyan biyu, ninki bakwai na abin da ake buƙata. Da naira dubu goma ana iya shiga, kuma duk wata shida ake biyan haya.

Tsarinsa kuwa shi ne, an kafa kamfani na musamman da ke karɓar kuɗin masu saye a madadinsu, a yi aikin hanya da su, gwamnati ta ɗauki hanyar haya tana biya, a ƙarshen wa'adi kuma ta saye ta ta mayar musu da uwar kuɗinsu. Abin da mai sukuk ya mallaka rabo ne a cikin kadara, abin da yake karɓa kuma haya ce. Majalisar ƙwararru masu ba Babban Bankin Nijeriya shawara kan harkar kuɗi ta Musulunci ita ke tantance shi kafin ya fito.

Masu shakka a cikinmu ba su kaɗai ba ne, kuma ba zan raina shakkarsu ba. A 2007 Shaikh Muhammad Taƙi Usmani na Pakistan, shugaban majalisar shari'a ta hukumar AAOIFI da ke Bahrain, ya girgiza kasuwa da ya bayyana cewa mafi yawan sukuk ɗin tarayya da ake fitarwa a lokacin bai cika sharuɗɗan shari'a ba, domin abokin tarayya yana lamunce wa abokinsa uwar kuɗi, wanda hakan ke mayar da tarayya rance. A watan Fabrairun 2008 hukumar ta fitar da matsayi: a sukuk na musharaka da mudaraba wannan lamuni bai halatta ba, amma a sukuk na haya mai haya yana iya alkawarin sayen kadarar a farashinta na farko, muddin shi ba abokin tarayya ba ne, ba kuma wakilin juya kuɗin ba. Na Gwamnatin Tarayya na haya ne, a nan ya tsira. Wani kuma zai ce, ai kuɗin hayar yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kuɗin ruwan da gwamnati ke biya a sauran takardunta. Gaskiya ne. Amsar malamai ita ce halaccin ciniki yana rataye da ƙulla shi da abin da aka ƙulla a kansa, ba da ma'aunin da aka duba wajen yanka farashi ba. Na gamsu da wannan ta fuskar hukunci. Ta fuskar dukiya kuwa yana tuna mana cewa sukuk yana ɗauke da lalurar da takardun bashi ke ɗauke da ita, kuma a nan ne nake son kwamitoci su ba ni kunnuwansu sosai.

Mu ɗauki misali. Masallaci ya sa naira miliyan ɗaya a sukuk na 2017. Duk wata shida yana karɓar 82,350, a shekara 164,700, a shekara bakwai 1,152,900. A watan Satumban 2024 aka mayar masa da miliyan ɗayarsa cif, ba a rage ko kwabo ba. A littafin ma'aji asali ya tsira. To amma miliyan ɗaya a 2017 tana sayen wajen dala 2,700 a kasuwar canji, ranar da ta dawo kuwa ba ta wuce dala 650 ba. Ba sai na kawo muku dala ba ma. Kowane manomi a nan ya san buhun taki nawa miliyan ɗaya ke ɗauka a 2017, ya kuma san nawa take ɗauka a yau. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, alhali sukuk ɗin da aka fitar a Oktoban 2023 kashi 15.75 yake biya. Idan kwamitin ya rabar da hayar nan gaba ɗaya kowace shekara yana murna, to a haƙiƙa wani yanki na asalin waƙafin ya rabar ba tare da ya sani ba. Sukuk yana tsare adadin naira, ba ya tsare abin da naira ke saye, kuma wanda ya yi hubusi ba lamba ya nufa ba, ciyarwa ya nufa.

Fiƙihu yana da maganin wannan tun da daɗewa. Malamai sun ce idan gidan waƙafi ya fara yoyo, daga kuɗin hayarsa ake fara gyara shi kafin a ba masu cin amfani, domin in gidan ya rushe kowa ya rasa. A fahimtata hauhawar farashi yoyon waƙafin kuɗi ce. Wajibi ne a riƙa mayar da wani kaso na haya cikin asali duk shekara, ko da hakan zai rage abin da za a raba a bana. Na san wannan magana tana da ɗaci ga kwamitin da mabuƙata ke tsaye a ƙofarsa, amma marayun shekara goma masu zuwa su ma suna da hakki a cikin wannan dukiya, kuma ba su da wakili a zauren nan in ba mu ba.

Lalura ta biyu ita ce fita kafin wa'adi. Wanda ya sayi sukuk na 2020 mai haya kashi 11.2, in buƙata ta taso masa a lokacin da sabo ke biyan 19.75, ba wanda zai saya a hannunsa sai da rangwame. Saboda haka kuɗin da za a iya buƙata cikin gaggawa ba su da wuri a can. Ta uku kuma, gwamnati ma tana iya gazawa. A watan Disamban 2022 Ghana ta nemi masu riƙe da takardun bashinta na cikin gida su musanya su da wasu masu ƙarancin biya da dogon wa'adi, har tsofaffi 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra, cikinsu akwai tsohuwar alƙalin alƙalan ƙasar, Sophia Akuffo. Nijeriya ta biya sukuk ɗinta na farko a kan lokaci, wannan abin yabo ne, amma bai zama dalilin tara dukiyar al'umma duka a hannun mai haya ɗaya ba.

Ta nan ne hannun jari yake dawo da martabarsa. Majalisar Fiƙihu ta halatta shi a 1992 in harkar kamfanin halal ce, kuma a ruhinsa ya fi sukuk kusa da tarayyar da Musulunci ya sani, inda riba ke tare da ɗaukar asara. Kamfanin siminti ko na sukari yana ƙara farashin kayansa idan naira ta faɗi, don haka a dogon zango mai rabo a cikinsa ya fi mai haya tsira daga hauhawa; ma'aunin kasuwar Legas ya ƙaru da wajen kashi 46 a 2023 da kusan kashi 38 a 2024. Amma yana buƙatar tacewa: bankunan ruwa da kamfanonin giya da caca a waje suke, bashin ruwan kamfani kada ya wuce kashi 30 na darajarsa, kuɗin shigarsa mai gurɓata kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi sadaka. Tun 2012 akwai ma'auni na musamman na kamfanonin da suka tsallake irin wannan tacewa a kasuwar Legas, akwai kuma asusun haɗaka na halal masu rajista da hukumar kula da kasuwar. In za mu shiga, ta wannan ƙofa za mu shiga, da ɗan kaso, da niyyar shekaru masu yawa. Ɗan kwamiti ya riƙa saye da sayarwa a wayarsa da kuɗin masallaci, wannan amintattu ba za su amince da shi ba.

Masu cewa a sayi masara a kaka a ɓoye zuwa bazara su ma na ji su. Sana'ar yankinmu ce, daga Dandume har Bakori, kuma shekaru da yawa ta biya. Amma waɗanda suka cika rumbuna a ƙarshen 2024 sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Ga ƙwari, ga gobara, ga halin tsaro, ga kuma nauyin da ke kan gidauniyar taimakon talaka idan aka gan ta tana jiran abinci ya yi tsada. Abin da ya fi dacewa da mu a harkar noma shi ne cinikin salam, wanda mutanen Madina ke yi kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tabbatar da shi da sharaɗin sanin mudu da nauyi da wa'adi. A biya manomi kuɗin buhunan da aka ƙayyade tun farkon damina, ya sayi taki da iri, ya kawo amfani a kaka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwar bashi mafi kusa da mu ba a Legas take ba, tana bakin gonakinmu, inda manomi ke karɓar buhu ɗaya da bazara ya biya fiye da shi nesa ba kusa ba idan kaka ta yi. Ko ɗan kaso kaɗan na waƙafi ya shiga nan da farashin adalci da rubutu da shaidu, zai kwance wa gidaje da yawa igiya.

Abin da ofishin sakatare ya gabatar wa amintattu, kuma ake neman ra'ayinku a kai kafin zama na gaba, shi ne sukuk ya ɗauki nauyin hidimomin da ke da rana tsayayya, a kuma rarraba shi a wa'adi daban-daban domin kada duka ya nuna a shekara ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku na kowace haya ya koma cikin asali, har sai hauhawar farashi ta sauka ƙasa da abin da sukuk ke biya da tazara mai gamsarwa. Idan wani wa'adi ya cika kuma kuɗin ya isa sayen shago ko fili mai takardu a cikin gari, a fifita wannan a kan sabuntawa. Hannun jari da salam su shigo da kaɗan kaɗan, a ga kamun ludayinsu.

Daga kwamitocin masallatai muna roƙon abu biyu. Kowane kwamiti ya raba littafin zakka da na waƙafi, ya kuma raba asusunsu a banki. Sa'an nan duk wanda ya kawo hubusin kuɗi a zaunar da shi a rubuta sharaɗinsa: ya yarda a juya su, ya yarda a mayar da wani kaso cikin asali, wa yake so ya ci amfanin? Sharaɗin mai waƙafi shi ke ɗaure hannunmu bayan ransa, kuma tambayarsa tun yana raye ta fi sauƙi a kan tara magadansa daga baya. Takardar da za a cike tana wurin ma'aji, kowane kwamiti ya karɓi tasa kafin a watse.

Allah Ya karɓa daga masu bayarwa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da yankinmu lafiya.